Patuxet, Garin da Aka Gina Plymouth a Kan Kufansa

An saba fara tarihin Plymouth daga Disamban 1620, lokacin da jirgin Mayflower, mai fasinja 102 daga Ingila, ya iso mashigin Plymouth da ke gaɓar jihar Massachusetts ta yau a Amurka. Fara labarin daga nan tauye haƙƙi ne, domin inda suka sauka kufan Patuxet ne, garin al'ummar Wampanoag. Bafaranshe Samuel de Champlain ya shiga mashigin a 1605, kuma taswirar da ya zana ta nuna gidaje kewaye da gonakin masara. A 1614 wani kyaftin ɗan Ingila, Thomas Hunt, ya yaudari mazan garin wajen ashirin suka hau jirginsa da sunan ciniki, ya wuce da su Malaga ta Sifaniya don ya sayar da su bayi. Daga 1616 zuwa 1619 kuma annoba ta bi gaɓar tana shara. Tisquantum, ɗaya daga cikin waɗanda aka sace, ya bi ta Landan ya komo gida a 1619, ya tarar babu mai amsa masa sallama.

Saboda haka baƙin ba daji suka sara ba. Gonaki shararru suka gada, ga ƙorama mai ruwan sha, amma duk da wannan gata kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko. Waɗanda suka rage, Tisquantum ne ya zama tafintansu, ya koya musu shuka masara da takin kifi, a ƙasar da iyayensa suka noma.

Wani zai ce ai ba fasinjojin Mayflower suka kawo annobar ba, kuma Massasoit, shugaban Wampanoag, da kansa ya ƙulla alkawari da su a Maris 1621. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai a duba halin da ya ƙulla shi: cuta ta karya mutanensa, alhali maƙwabtansa Narragansett ba ta taɓa su sosai ba, yana neman wanda zai jingina da shi. Alkawarin na zaman lafiya da taimakon juna ne, babu maganar sallama ƙasa a ciki. Mutuwar mai gona ba ta mayar da gona ta kowa da kowa, matuƙar yana da dangi, kuma dangin Patuxet suna nan. Da filayensu suka yi ta zarewa, ɗan Massasoit, Metacom, ya ja yaƙi a 1675. An kashe shi a 1676, aka kafe kansa a Plymouth shekara da shekaru.