Kisan Greensboro da Ƙuri'un 1980

A ranar 3 ga Nuwamba, 1979, 'yan Ku Klux Klan da 'yan Nazi suka bindige mutum biyar a zanga-zangar 'yan gurguzu a Greensboro. Bayan wata shida, jagoran 'yan Nazi, Harold Covington, ya sami kashi 43 cikin ɗari a zaɓen fidda gwanin Republican na antoni-janar na Carolina ta Arewa. An ce masu zaɓe ba su san shi ba ne. Sai dai a Nuwamban 1980, masu taya alƙali hukunci, dukansu farar fata, suka wanke maharan. Tsoron gurguzu da tsohuwar wariyar launi sun riga sun share wa waɗannan ƙuri'u hanya.