Wa Ke da Katangar Makabarta? Tarihin Kula da Kusheyi a Damagaram

A farkon watan Satumba na 2024, ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, ginin da ya samo asali tun ƙarni na 19. Labarin ya karaɗe duniya, domin masallacin abin tarihi ne, yana kuma cikin tsohon birnin da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006. Sai dai ruwan da ya ci masallaci bai tsallake makabartu ba. Kowace damina, a nan da sauran garuruwan ƙasar Hausa, zaizaya kan rufta kusheyi, katanga ta faɗi, awaki su shiga kiwo, masu babura su yanke hanya ta kan magabata. Daga nan sai a koma tambayar da aka saba: gyaran nan aikin wa ne, kuma da kuɗin wa? Amsar tana cikin tarihin garin, domin makabartar Damagaram ta ga masu iko iri uku, kowanne da yadda ya fahimci haƙƙin mamaci.

Zamanin fada

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884, Damagaram ta zama babbar mahaɗar fatake tsakanin Kano, Barno da Tarabulus. Shi ne ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya kuma sa aka ƙera bindigogin igwa a cikin gari. Ginin ƙasa mai girman wannan ganuwa ba ya rayuwa sai da yaɓe bayan kowace damina, kuma ba a yi wannan aiki da kasafin kuɗi irin na yau ba. An yi shi ne da hannun jama'a: bayi, talakawan ƙauyuka da mutanen unguwanni, bisa umarnin sarki ta bakin hakimai da masu unguwa.

Sha'anin matattu ma a kan wannan tafarki ya tafi. Ƙasa tana hannun sarki, shi ke ware fili a bayan gari. Wanka, likkafani, salla da haƙa kuwa farilla ce ta kifaya a shari'a: in wasu sun yi ta sauka daga kan kowa, in kowa ya ƙi, laifin ya hau kan kowa. Saboda haka maƙwabta ke ɗaukar gatari da fartanya, kuma a garin da ke zaune bisa manyan duwatsu kamar Damagaram, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Manya kuma, sarakuna da shehunai, a ƙasar Hausa da Barno sau da yawa a cikin gida akan binne su, kamar yadda Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake a Sakkwato tun 1817. Zuriya da almajirai ke kula da irin waɗannan wurare.

Akwai ƙa'idoji biyu na mazhabar Malikiyya da suka tsara komai, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe su. Ta farko, kabari hubusi ne ga wanda ke cikinsa, ba a tone shi muddin da sauran gawarsa. Ta biyu, gini a kan kabari da yi masa ado abin ƙi ne. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya karanta, ta yi bayanin wannan ta biyun. Sakamakon ƙa'idojin nan shi ne makabarta mai arha ƙwarai wajen kafawa, tudun ƙasa da ƴan itatuwa, amma mai cin fili kullum, kuma marar kuɗin shiga ko dala ɗaya.

Zamanin bariki

Zuwan Faransawa ma da gawa ya fara. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kaftin Kazamaju da tafintansa a Damagaram, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka jefa gawarwakinsu a rijiya. A ƙarshen Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar sarki a Tirmini, suka shiga gari, suka gina sansani a kan dutse suka sa masa sunan kaftin ɗin. Tare da sansanin aka samu makabartar Turawa, wadda ke nan har yanzu: kusheyi a jere, kowanne da dutse da suna da kwanan wata. A karo na farko mutanen gari suka ga makabartar da hukuma ke riƙe da lissafin waɗanda ke cikinta.

Wannan tsari yana da tushe a Faransa. Dokar Napoliyon ta 1804 ta hana binne mutane a cikin majami'u da tsakiyar garuruwa, ta umarci a kafa makabartu a waje, a kewaye su da katanga, ta kuma danƙa kulawarsu ga hukumar gari. Dokar ba ta ɗora nauyi kawai ba, ta buɗe ƙofar samun kuɗi. Iyali na iya hayar wurin kabari, kuma da tafiya ta yi tafiya aka tsayar da wa'adi iri-iri: shekara 15, 30, 50 ko na har abada. Wanda bai biya ba akan binne shi a filin kowa, inda hukuma ke da ikon karɓe wurin bayan shekara 5. Wato a can mamaci ɗan haya ne, kuma kuɗin hayarsa ke taimaka wa gyaran katanga.

Da ƙona gawa ya shigo Turai, sai lissafin ya ƙara fitowa fili. Faransa ta halatta shi a 1887, Faris ta buɗe gidan ƙona gawa na farko a 1889. A Ingila, birnin Hul ya buɗe na farko mallakar hukumar gari a 1901, dokar 1902 kuma ta ba sauran hukumomi wannan izini. Yau mafi yawan matattun Birtaniya ƙona su ake yi. Irin wannan gida masana'anta ce ƙarama: tanderu na tsufa, bulon cikinsa na buƙatar sauyi, dokokin kare iska sun tilasta sa na'urorin tace hayaƙi masu tsada. Idan lokacin gyara ya zo, majalisar gari kan ci bashi ko ta ƙara farashi, ta biya daga abin da iyalai ke bayarwa. Musulunci ya haramta ƙona gawa, don haka Damagaram ba ta da wannan matsala. Amma misalin ya nuna abin da ke ƙarƙashin tsarin Turai duka: hukumar da ke da nauyi ita ke da kuɗin shiga.

Wannan rabi na biyu ne bai taɓa ƙetarowa ba. Damagaram ta zama hedkwatar yankin soja a 1911, ta riƙe matsayin babban birni har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai, ƙarancin ruwa yana cikin dalilan. A tsawon wannan lokaci Nasara bai yi gigin sa wa kabarin Musulmi farashi ba. Abin da ya yi shi ne raunana hannun da ke riƙe da aikin. A 1906 aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi gudun hijira, aka ɗora Bellama, bawan fada, a kan mulki. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta da Barma Mustafa. Ƙarfin talaka da a dā ke yaɓe ganuwa aka juya shi ga hanyoyi da gine-ginen bariki ta hanyar aikin dole, har aka soke shi a 1946. Ganuwa ta narke sannu a hankali, ba ta bar komai ba sai guntaye. Makabarta kuwa ta tsira ne don kawai ba ta taɓa dogara ga kowa ba sai ƴan unguwa.

Zamanin magajin gari

Bayan samun ƴanci a 1960, Nijar ta gaji tsarin mulkin Faransa, inda makabarta ke cikin ayyukan hukumar gari. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun farfaɗo da aikin gayya a unguwanni, wato tsohuwar hanya sanye da sabuwar riga. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kawo zaɓaɓɓun kansiloli, kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010 ya fayyace ayyukansu, Damagaram kuma ta zama birni mai gundumomi 5. A kan takarda, an gama magana: akwai mai makabarta.

A aikace, abin da magajin gari ke da shi ya dogara ga harajin kasuwa da tasha, ɗan abin da gwamnatin tsakiya ta mayar masa, da kuɗin sayar da filaye. Makabarta na gogayya a wannan ƙaramin akushi da shara, magudanun ruwa, azuzuwa da albashin ma'aikata, kuma matattu ba sa zaɓe, ba sa zanga-zanga. Akwai ma wani abu mafi tsanani. Garin da ƙidayar 2012 ta nuna mutanensa sun haura dubu 200 ya daɗe da haɗiye makabartun da a dā suke bayan gari. Hukumar da ke samun kuɗi daga yanka filaye ita ce kuma aka ce ta ware babban fili kyauta ga waɗanda ba za su biya ko sisi ba. Makabartar da ba ta da katanga ko takardar mallaka, gefenta kan ragu taku-taku. Shi ya sa katanga ta wuce kariya daga dabbobi. Ita ce shaidar iyaka.

A watan Afrilu na 2024 mahukuntan soja da suka karɓi mulki a Yulin 2023 suka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi. Mai riƙe da nauyin ya sauya, giɓin bai sauya ba. Makabartar Turawa ita ma ta shiga sabon hali, tun da sojojin Faransa sun fice a ƙarshen 2023, ofishin jakadancinta a Yamai kuma ya rufe a farkon 2024. Kusheyin nan, ko yaya aka ɗauki waɗanda ke cikinsu, shafi ne na tarihin Damagaram, kuma ruwan sama bai san Bature ba, bai san Bahaushe ba.

Abin da ke cike giɓin a yau shi ne abin da ya cike shi tun zamanin Tanimun: sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a, attajirin da ya ba da buhunan siminti, matasan da suka fito da shebur, dattawan mahaƙa da ke rayuwa da sadakar masu kai gawa. Wannan abin yabo ne, amma yana da rauni. Sadaka kan zo bayan ɓarna ta auku, unguwar masu hali kan samu katanga kafin ta talakawa, kuma mai bayarwa ya fi son gina sabo da a gani a kan biyan mai gadi wata-wata. Alhali ginin ƙasa ya koya wa garin nan tuntuni cewa yaɓen kowace shekara ya fi sabon gini sauƙi.

Hanyar da ta rage

Kwaikwayon Turai a nan ba zai yiwu ba. Hayar kabari ta saɓa wa hukuncin hubusi, kuma ranar da aka sa wa kushewa farashi, ranar ce maraya zai rasa inda zai kwantar da uwarsa. Amma shari'ar da ta hana sayar da kabari ita ce ta tanadi waƙafi: rumfunan kasuwa, gida ko lambu da aka tsayar don amfaninsu ya tafi ga wani aikin alheri har abada. Nijar ta yi dokar waƙafi a 2019. Ba abin da zai hana kowace babbar makabarta ta samu ƴan shaguna na waƙafi, kuɗin hayarsu ya biya mai gadi da mahaƙa, ya haƙa magudana kafin damina. Hukumar gari ta auna filin ta ba shi takarda, ta kuma ware layi guda a kasafinta. Fada da limamai su sa ido. A karanta lissafin a bainar jama'a sau ɗaya a shekara.

Da haka kowanne daga masu ikon nan uku zai bayar da abin da ya fi iyawa: fada da kwarjininta, ofis da rajistarsa, unguwa da hannunta. Bahaushe yana kiran makabarta gidan gaskiya. Gida ne da kowa ke da ɗaki a cikinsa, kuma babu wanda zai iya gyara nasa bayan ya tare.