Daji a Cikin Ganuwa: Inda Katsinawan Dā Ke Neman Natsuwa

Duk wanda ya tashi a birnin Katsina ya san sunayen ƙofofinta kamar yadda ya san sunayen 'yan gidansu: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. Abin da ba mu cika tambayar kanmu ba shi ne, shin mene ne wannan ganuwa ta kewaye? Da yawanmu za mu ce gidaje ne da kasuwa da fada. To amma tarihi ya nuna cewa mafi yawan abin da ke cikinta ba gini ba ne, fili ne da gonaki da itatuwa.

Turawa biyu da suka ratsa birnin a ƙarni na 19 sun bar mana shaida a kan haka. Hugh Clapperton ya iso a 1824 a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin goma na filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da kurmi. Har ya ambaci 'ya'yan itatuwan da ya gani, irin su ɓaure da rumman da lemun tsami. Shi kuwa Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851 ya sake dawowa a 1853. A lissafinsa kewayen ganuwar ya kai mil 13 zuwa 14, alhali mazauna birnin a lokacin ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba. Gaskiya ne sun tarar da Katsina bayan yaƙe-yaƙen jihadi, lokacin da fatake da yawa suka koma Kano. Amma ko a zamanin da kasuwarta ke ci sosai, ba a gina ganuwa mai wannan faɗi don a cika ta da ɗakuna ba.

Dalili na farko ba ɓoyayye ba ne, wato yaƙi. Idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, dole a sami inda za a shuka gero, a ɗaure dabbobi, a kuma sauke mutanen ƙauye da suka gudo. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi mulki wajen 1807, sarakunan Haɓe suka ja arewa har suka kafa Maraɗi, kuma shekaru da dama hare-hare ba su yanke ba tsakanin garuruwan biyu. A irin wannan hali fita bayan gari ba abin wasa ba ne. Saboda haka sai Bakatsine ya shigo da dajinsa cikin gida, ya rufe ƙofa da magariba.

Sai dai abin da aka tanada don tsoron yunwa ya zo ya yi wani amfanin da ba a rubuta shi a littafin kowa ba. Katsina gari ne na malamai tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, lokacin da ake danganta ginin Gobarau da shi, har zuwa kan Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. Karatu kuwa ba ya son hayaniya. A tsarin makarantar allo akwai abin da ake kira kiskadi, wato gardi ya ɗauki allonsa da butarsa da buzunsa tun da sassafe, ya nufi bayan gari, ya sami gindin wata tsamiya ko kuka ya zauna shi kaɗai yana biya karatu har rana ta yi tsaka. Ba wanda ya ce masa ya tafi yawon shan iska, hadda ya je yi. Amma duk wanda ya taɓa zama irin wannan ya san cewa kafin aya ta zauna a ka, sai zuciya ta fara zama. Sai mutum ya daina jin kansa, ya fara jin kukan kurciya da motsin ganye, sa'an nan harshe ya saki.

Sufaye sun kai abin gaba da haka, suka kira shi halwa, wato keɓe kai na wasu kwanaki domin zikiri da tafakkuri. Asalin abin ma ai sananne ne ga kowane Musulmi, domin kuwa a kogon Hira, nesa da hayaniyar Makka, wahayi ya fara sauka. Mun kan yi murmushi idan muka ji cewa hukumar gandun daji ta ƙasar Japan ta ƙirƙiro wata kalma a 1982 mai ma'anar wankan daji, tana kiran mutanen birni su riƙa shiga cikin itatuwa don lafiyarsu. Ba mu raina musu ba, sun yi abin kirki. Illa dai gardin Katsina ya riga su da ɗaruruwan shekaru, ba tare da wata hukuma ta tura shi ba.

Sunayen unguwanni ma suna tona asirin yadda garin yake a dā. Rafindaɗi da Rafukka ruwa suke ambata. Sararin Kuka kuwa ya haɗa fili da itace a suna ɗaya. Hatta labarin kafuwar sarautar Korau a gindin itace ya faru, domin masu ba da tarihi sun ce a ƙarƙashin wata tsamiya mai suna Bawada aka yi kokawar da ya kayar da Sanau. Lambun Sarki da lambunan da ke wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi su suka ciyar da birni da ganye, suka kuma ba shi wurin da ido ke hutawa da rani.

Da Turawa suka zo, tsoron hari ya kau, ƙofofi suka daina rufuwa. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, gari ya fara leƙawa waje. A zamanin mulkin mallakan ne kuma bedi, wato dogonyaro, wanda asalinsa daga ƙasar Indiya yake, ya shigo ya cika gefen hanyoyi, har yara suka ɗauka tun fil azal yana nan. Fari na 1972 zuwa 1974 ya kashe itatuwa da dabbobi ba adadi. Sai kuma 23 ga Satumba, 1987, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, birni ya zama hedikwata. Mun yi murna, kuma muna da hujjar yin ta. Amma daga nan kowane fili ya zama fuloti. Gonakin cikin ganuwa suka koma gidaje da shaguna, ganuwar kanta aka yi ta ɗibar ƙasarta ana bulo, wasu wuraren ma aka hau kanta aka yi gini. Ba ma ɗora wa kowa laifi shi kaɗai, domin mu ne muka sayi fulotan.

Da a ce dajin waje yana nan yadda yake, da da sauƙi. To amma tun cikin shekarun 2010 Dajin Rugu, wanda a dā makiyaya da maharba da masu neman magani ke shiga ba fargaba, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji, sai bayan kusan mako guda aka sako su. Tun daga nan idan aka ce daji a gaban yaro Bakatsine, ba inuwar tsamiya yake tunowa ba. Kakanninmu da suka ga irin wannan zamani suna da inda za su koma a cikin ganuwa. Mu kuwa mun riga mun sayar da namu.

Ɗan abin da ya rage shi ne itatuwan da ba wanda ya yi ƙarfin halin sarewa, kamar na harabar tsohuwar kwaleji da ta zama gidan tarihi, da na maƙabartar Ɗan Marina. Wanda ya bi ta wajen da la'asar sakaliya yakan tarar da wani dattijo ya jingine kekensa, ya shimfiɗa buzu a inuwa da carbi a hannu, ga ƙarar babura na wucewa a bayansa, bai ko waiwaya ba.