Tsakanin Hauka da Damuwa: Wane Suna Ma'aikaci Zai Faɗa?

Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci kwanakin aiki 12 a shekara da zai zauna a gida yana jinya albashinsa na tafiya, muddin likita mai rajista ya ba shi takarda. Dokar ba ta ware ciwon ƙafa daga ciwon da ke cin mutum a rai ba. A bakin jama'a wariyar take. Mai zazzaɓi tun daga ƙofar ofis yake faɗin abin da ke damunsa. Wanda barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, yake zama gaban fayil har azahar bai san me ya karanta ba, shi sai ya ce taifot ne, ko hawan jini, ko olsa ce ta tashi. Ban ɗauke shi maƙaryaci ba. Sunayen da aka tanadar masa ya duba, bai ga wanda zai faɗa ya dawo aiki da mutuncinsa ba.

Na farkonsu hauka. Da an ambace shi, tsumma da bola da jifan yara ke zuwa wa mutum a ido, ga kuma gidan mari. Kano ma ya isa a ce wane sai Dawanau, kowa ya gane, kamar yadda Kware take a Sakkwato, Barnawa a Kaduna. Asibitoci ne da ake warkar da mutane, amma sunayensu sun koma abin gori. Mafi muni shi ne zancen nan da ake yi cewa hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. Ma'aikacin da aka taɓa liƙa wa wannan suna, ko ya dawo garau, ranar da ya ɗaga murya a taro za a kalli juna. Wa zai sake ba shi ajiyar kuɗi ko shugabancin sashe?

Taɓin hankali ya fi ladabi, shi ya sa 'yan jarida suka riƙe shi, sai dai taku ɗaya ne tsakaninsa da taɓaɓɓe. Kuma in an ce taɓi, tambayar da ke biye ita ce wa ya taɓa shi, daga nan sai a faɗa batun iska da aljanu da sammu. Akwai jinƙai a wannan fassara, domin ba ta ɗora wa mara lafiya laifi, kuma tana sa ran abin da ya shiga zai fita. Amma ba ta taɓa nuna yatsa ga aikin dare na wata da watanni, ko albashin da aka riƙe, ko shugaban da ya mayar da tozarci abincin safe. Likita kuma ba zai rubuta ta a takarda ba.

A ɗaya gefen akwai damuwa, tunani, ɓacin rai, ƙunci, gajiya. Waɗannan sun yi sauƙi da yawa. Kowa na da damuwa, amsarta kuma a shirye take: yi haƙuri, ka bar wa Allah. Addu'a ce mai kyau, amma ba a ba mutum hutu a kanta. Shi ya sa nake ganin waɗanda suka fara cewa ciwon damuwa sun yi wa Hausa aiki. Kalmar ciwo ta ɗauke abin daga hali ta kai shi asibiti, ba tare da ta jefa mai shi cikin mahaukata ba. Aibinta ɗaya: ana lafta mata kaya uku. Ƙuncin da ke kashe sha'awar komai daban, fargabar da ke sa bugun zuciya da gumi ba gaira ba dalili daban, matsin aiki daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Da za a bar ciwon damuwa ga na farko, a ce ciwon fargaba ga na biyu, da an rage ruɗani.

Kada a ɗauka gyaran baki ne kawai. A 2002 ƙungiyar likitocin hankali ta Japan ta sauya sunan wata babbar cutar ƙwaƙwalwa daga abin da ke nufin tsagewar hankali zuwa tangarɗar haɗuwar tunani, bayan iyalan marasa lafiya sun nemi haka. Cikin shekara 3 marasa lafiyar da likitoci ke gaya wa ainihin cutarsu suka tashi daga wajen kashi 37 cikin 100 zuwa kusan 70. Najeriya kuwa ta rayu da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke 1916, har zuwa Janairun 2023 da aka sanar Shugaba Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta hana nuna wa masu wannan lalura bambanci, har a wurin aiki.

Na ukun cikin kayan da ake lafta wa ciwon damuwa, wato ƙarewar ƙarfi saboda matsin aiki, har a duniya ba a daidaita a kansa ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamunsa uku, gajiya mai tsanani, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo, amma ta ce lamari ne na wurin aiki, ba ta ƙirga shi cikin cututtuka ba. Suwidin kuwa tun 2005 ta ba shi gurbi cikin cututtukan da likita ke rubutawa. A Najeriya, sashe na 8 na Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ya amince da biyan diyya kan matsin rai da aiki ya haddasa. Haƙƙin yana nan a rubuce. Mutumin da ya ce olsa ce ta kwantar da shi ba zai iya nemansa ba.

Ita ma kalmar hutu ina da ja a kanta. Da ita muke kiran hutun Sallah da hutun shekara, don haka mai dawowa yakan ji ana tambayarsa ya hutu, alhali makonni ya yi a ɗaki yana fama. Jinya ta fi dacewa, domin jinya ba ta yiwuwa sai da mai kula. Birtaniya ta yi irin wannan gyara a Afrilun 2010: takardar rashin lafiya ta koma takardar abin da mutum zai iya. Likita na iya rubuta cewa zai iya dawowa idan an rage masa sa'o'i, ko an sauya masa aiki, ko ya shigo sannu a hankali. Wannan ya dace da jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, shekarar da ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa ciwon damuwa da na fargaba na cinye kwanakin aiki biliyan 12 duk shekara. Jagoran ya ba da shawarar a haɗa magani da gyaran yanayin aikin da mutum zai koma.

Shi kansa taimakon da ake ba mai wannan lalura, me za a kira shi? Nasiha daga sama take zuwa, lallashi na ɗan lokaci ne, shawara kowa na bayarwa. Abin da ƙwararre ke yi zama ne a kai a kai, bisa tsari, ana koya wa mutum gane tunanin da ke jan shi ƙasa da yadda zai tunkari ranar komawa. Magani ta hanyar tattaunawa ya yi tsawo, amma ya faɗi gaskiya: magani ne. Sunan ƙwararren kuma, in an ce likitan ƙwaƙwalwa yana rikicewa da mai fiɗar kai, masanin halayyar ɗan'adam yana kama da malamin jami'a. Ko wanne aka zaɓa ya fi likitan mahaukata, sunan da ke sa mutum ya juya daga bakin ƙofa.

Kan batun faɗin sunan ciwo a wurin aiki, Holan ta bi wata hanya. A can mai ba da aiki na biyan aƙalla kashi 70 na albashi har shekara 2, amma ba shi da ikon tambayar sunan ciwon. Likitan ma'aikata ne ya sani, abin da yake gaya wa ofis shi ne me mutumin zai iya da lokacin da ake sa ran dawowarsa. Ofisoshinmu na buƙatar wannan sirri, domin takarda kan bi ta hannu da yawa kafin ta shiga fayil.

Muna da wani abu kuma da ba sai an aro ba, wato dubiya. Abokin aiki in ya karye, ana haɗa kuɗi a cika mota da lemo a je. In aka ji raɗe-raɗin kansa ne, sai waya ta yi shiru, shi kuma ya fassara shirun da cewa an gama da shi. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya isa: ya kira ya ji ko yana son a zo, ya je ya ce sannu, ya jiki, ya gaya masa teburinsa na nan, kada ya tambaye shi mece ce cutar.