Daga Ɗanwaire Zuwa Dajin Zakka: Wa Zai Adana Sunayen Masu Gadinmu?

Duk wanda ya san yammacin Katsina ya san ba yau Dajin Rugu ya fara cin maza ba. Tun ƙarni na 19 mahara ke ratso shi daga wajen Maraɗi su faɗa wa ƙauyuka, shi ya sa Ruma, wadda ke ƙasar Batsari a yau, ta zama garin mayaƙa masu tsaron iyaka. Har gobe ana ambaton jarumtar Ɗanwaire a wannan yanki, domin kuwa makaɗa da tsofaffi sun riƙe sunansa, sun miƙa wa na baya.

Da Turawa suka zo, tsaron gari ya koma hannun dogarai da 'yan doka na En'e, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da aka haɗe su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, wadda aka kafa a 1930. Daga nan ɗan sanda ya gaji aikin mayaƙan Ruma, amma bai gaji makaɗansu ba.

Sa'ad da satar shanu ta rikiɗe ta zama ta'addanci, gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ta sake yi a 2019, duk abin ya wargaje. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin Batsari. Ranar Talata 5 ga Yulin 2022 kuma 'yan bindiga bisa babura suka yi wa 'yan sanda kwanton ɓauna a dajin Zakka na ƙaramar hukumar Safana, inda Mataimakin Kwamishina Aminu Umar, kwamandan shiyyar Dutsin-Ma, ya rasa ransa tare da wani jami'i guda.

A lura da abu biyu. Na farko, a wannan rana ce aka kai wa ayarin share fagen Shugaba Buhari hari kusa da Dutsin-Ma, da dare kuma aka fasa gidan yarin Kuje, sai manyan labarai suka danne na Zakka. Na biyu, sanarwar hukuma ta faɗi sunan babban, shi kuwa ƙaramin sai aka ce “wani jami'i”. Alhali shi ma ɗan wasu ne, kuma akwai gidan da aka yi zaman makokinsa.

To, 'yan uwa marubuta, nan ne aikinmu yake. Mun iya sukar ɗan sanda a kan na goro a bakin hanya, kuma sukar tana da dalili. Sai dai adalci shi ne mu rubuta wanda ya tsaya da aka ce a gudu. Mu je Batsari da Safana, mu zauna da hakimai da dagatai da iyalan mamatan, mu rubuta suna da rana da wuri tun shaidu na raye. Abin da baki ya yi wa Ɗanwaire, yanzu alƙalami ne zai yi wa waɗannan.

Allah Ya jiƙansu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.