Hira da Marubuta a Matsayin Madogarar Tarihin Adabin Hausa: Nazari Daga Birnin Kano

Tsakure

Hira da marubuci ko edita na cikin manyan hanyoyin tattara tarihin waƙa da ƙagaggen labari a Kano. Maƙalar ta duba dalilin haka, da abin da hira ke tonowa, da kuma inda take da rauni.

1.0 Rubutacciyar Waƙa

Ana rubuta waƙar Hausa ne domin a rera ta, saboda haka takarda ba ta ɗauke da komai nata. Karin da aka ɗora ta a kai, da wanda ake mayar wa martani, da abin da ya tunzura mai ita, sau da yawa sai a bakin mawaƙin ake jin su. Graham Furniss ya zauna da mawaƙan ƙungiyar Hikima, wadda Mudi Sipikin ya jagoranta a Kano, ya kuma gina kundin digirinsa na uku na 1977 a kan waƙoƙinsu. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya kuma ya fitar da Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, wadda Dalhatu Muhammad ya tace.

2.0 Ƙagaggen Labari

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka koma buga littattafansu da aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma In Da So Da Ƙauna a 1991, dukansu 'yan ƙungiyar Raina Kama. A wannan tsari mutum ɗaya ne marubuci, shi ne edita, shi ke kai kaya wurin 'yan kasuwa. Littattafai da dama sun fito ba shekarar bugu, balle adadin kwafi. In ba a tambayi mai littafin ba, tarihinsa ya ɓace.

Editocin jaridu sun cike wani gurbi. Shafin adabi da Ibrahim Sheme ya riƙe a New Nigerian ya ɗauki muhawarar shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya soki abin da ya kira Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka kare shi.

3.0 Makaranta Littafi a Cikin Gari

A wancan lokacin, a unguwannin cikin ganuwa irin su Goron Dutse, littafi ɗaya kan zaga gidaje da yawa. Matar aure ta aiki yaro wurin mai ba da haya ya karɓo kashi na biyu, ta gama ta miƙa wa maƙwabciya, har bangon ya yage a liƙe shi da salatif. Yawan kwafin da aka buga ba ya nuna yawan waɗanda suka karanta. Wannan ya sa hira da masu haya da makaranta ta zama dole, kuma mace mai bincike ta fi dacewa da ita, domin namiji iyakarsa zaure.

4.0 Raunin Hira

Marubuci kan manta shekara, yakan kuma zuzuta cinikinsa. Kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, da ƙona littattafan da gwamnatin jihar ta yi a 2007, sun sa wasu tauna magana kafin su amsa tambaya. Wajibi ne manazarci ya gwada abin da aka faɗa masa da littafin kansa, da jaridun lokacin, da bayanin maɗaba'ar da ta buga shi.