Kwalba Ɗaya, Jarirai Biyu

Cikin tagwaye ba kasafai yake cika wata tara ba. Mahaifa takan miƙe har iyakar ƙarfinta, naƙuda ta taso da wuri, shi ya sa fiye da rabin tagwaye suke faɗowa kafin mako na 37. A zamanin da, sanyi ne babban abin da yake ɗauke su. Fatar bakwaini siririya ce, babu kitse a ƙarƙashinta, ɗumin jikinsa yana tsiyayewa, kuma ƙoƙarin ɗumama kansa yana cinye ɗan ƙarfin da zai yi numfashi da tsotson nono. In su biyu ne, kowannensu ya fi ƙanƙanta, ga shi uwa ɗaya ce. A ƙasashe da yawa iyakar dabara ita ce a naɗe su cikin auduga ko fatar tunkiya, a matso da su kusa da murhu, a zuba wa sarautar Allah ido.

Wajen shekarar 1880 wani likitan haihuwa a birnin Paris, Stéphane Tarnier, ya ga akwatin ƙyanƙyasar ƙwan kaji a gidan namun daji na birnin. Ya nemi maƙerinsa, Odile Martin, ya ƙera masa irinsa na jarirai: akwatin katako mai hawa biyu, ruwan zafi a ƙasa, jarirai a sama, iska mai ɗumi tana ratsawa ta kansu. A asibitin haihuwar da Tarnier yake aiki, cikin jarirai ɗari da nauyinsu bai kai kilo 2 ba, 66 ne suke mutuwa. Da aka fara sa su a akwatin, adadin ya sauko zuwa 38. Faransa ta karɓi abin hannu bibbiyu, domin tun bayan kayen da ta sha a hannun Jamusawa a yaƙin 1870 zuwa 1871 take cikin fargabar ƙarancin haihuwa.

Almajirin Tarnier, Pierre Budin, shi ya fara hango illar da ke tafe. Ya lura cewa uwar da aka raba ta da jaririnta kwana da kwanaki, ba ta shayar da shi, ba ta taɓa shi, zuciyarta takan yi sanyi da shi, wata ma ta tafi ta bar shi a asibiti. Sai ya nace a yi akwatin da gilashi, a ajiye shi gefen gadon uwa, ita kuma ta riƙa ba da nono. Da an saurare shi, da an rage wahalar shekaru masu yawa.

Ba a saurare shi ba. A Amurka ma asibitoci ba su damu da akwatin ba, don likitoci da dama suna ganin bakwaini ba mai rayuwa ba ne. Wanda ya riƙe sana'ar wani mutum ne mai suna Martin Couney, wanda har yau ake tababar ko yana da takardar likita. Daga 1903 zuwa 1943 ya jera irin waɗannan akwatunan, wato kwalaben jarirai, a filin shaƙatawa na Coney Island da ke New York, 'yan kallo suna biyan kuɗin shiga, wanda ya kai santi 25, su leƙa ta gilashi. Da kuɗin nan yake biyan ma'aikatan jinya da mata masu shayarwa, iyaye kuwa ko sisi bai karɓa a hannunsu ba. Ya ce cikin jarirai kusan 8,000 da aka kawo masa, kimanin 6,500 sun rayu. A 1920 aka haifi wasu tagwaye a New York, ɗaya ta rasu nan take, ɗayar nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, asibiti ya ce ba za ta yi rai ba. Mahaifinta ya naɗe ta a tawul, ya tari tasi zuwa wurin Couney. Ta rayu shekara 96, kuma da bakinta ta ba da labarin kafin rasuwarta a 2017. Mai da jariri abin kallo ba abin yabo ba ne, amma laifin ya fi rataya a wuyan asibitocin da suka rufe ƙofarsu.

Da asibitocin suka karɓi aikin, sai suka zarce. Tsoron ƙwayoyin cuta ya sa aka hana iyaye shiga ɗakin jarirai, uwa ta tsaya bayan taga, Hassan a kwalbarsa, Hussaini a tasa. An kuma cika kwalaben da iskar oksijin ba awo, abin da ya makantar da jarirai kusan 10,000 zuwa farkon shekarun 1950, cikinsu har da mawaƙi Stevie Wonder. Ci gaba na gaske ya zo daga baya: a 1972 Graham Liggins da Ross Howie na New Zealand suka nuna cewa allurar da ake yi wa uwa kafin haihuwa tana nunar da huhun jariri, a 1980 kuma Tetsuro Fujiwara na Japan ya gwada maganin da ke hana huhun bakwaini mannewa.

Amma juyin da ya fi amfanar talaka daga wurin da babu ya fito. A 1978, a babban asibitin mata da yara na Bogota, babban birnin Kolombiya, kwalabe sun yi kaɗan har ana cusa jarirai biyu ko uku a guda, cutar wannan ta kama wancan. Likita Edgar Rey Sanabria ya yanke shawarar mayar da su jikin iyayensu. A tuɓe jariri, a bar masa nafkin da hula kawai, a tsayar da shi tsakanin nonuwan uwa, kansa a juye gefe guda, fata ta haɗu da fata, a ɗaure da zane, dare da rana. Abincinsa nonon uwa zalla, in bai iya tsotso ba a tatsa a ba shi. Wannan shi ne goyon kangaru, wanda aka raɗa wa sunan dabbar Ostireliya mai renon ɗanta a jakar cikinta. Bambancinsa da goyon da aka saba a ƙasar Hausa shi ne a ƙirji ake yinsa, kuma babu riga tsakani. In tagwaye ne, ko dai uwa ta ɗora su biyun, kowa a gefensa, ko wani ya ɗauki ɗaya.

Ƙasashe masu arziki sun daɗe suna ganin wannan dabarar marasa hali ce. Abin da ya taɓa zukatan Amurkawa hoto ne. A watan Oktoban 1995 aka haifi tagwaye mata a birnin Worcester na jihar Massachusetts, saura mako 12 cikin ya cika, kowace ba ta kai kilo ɗaya ba. Bayan kusan wata guda ƙaramar ta rikice, numfashi ya ƙi daidaita, jikinta ya yi shuɗi. Wata ma'aikaciyar jinya ta nemi izinin iyayen, ta sa ta a kwalbar 'yar'uwarta. Ta lafa, iskar jininta ta hau, aka kuma ɗauki hoton babbar ta ɗora hannu a kafaɗarta. Hoton ya zagaya duniya, asibitoci suka shiga haɗa tagwaye a kwalba ɗaya. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa haɗin yana ceton rai ba, kuma likitocin yara suna ba da shawarar a gida kowane jariri ya kwana a shimfiɗarsa. Hujja mai ƙarfi tana wajen goyon ƙirjin uwa.

An same ta a 2021, daga gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitoci biyar na Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, inda aka yi shi a asibitin koyarwa na Ile-Ife. Jarirai sama da 3,000 ne, masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara wa goyon ƙirji nan da nan, mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da waɗanda aka jira sai sun murmure a kwalba. An tsayar da gwajin kafin wa'adinsa don sakamakon ya fito fili. A 2022 hukumar ta ce a fara goyon daga haihuwa, awa 8 zuwa 24 a kullum.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, domin ita ce ta uku a yawan haihuwar bakwaini bayan Indiya da Pakistan, tana cikin ƙasashen da aka fi haihuwar tagwaye, kuma kwalba ba ta aiki in an ɗauke wuta. Sai dai kafin gwajin ya yiwu, sai da asibitocin suka gyara ɗakunan jarirai, aka shigar da gadon uwa ciki, aka kuma yarda wata 'yar'uwa ta karɓe ta in ta gaji ko an yi mata tiyata. Mai jegon tagwaye ta fi kowa buƙatar wannan. A gidan Bahaushe akwai kaka ko gwaggon da ke zuwa zaman jego, ga kuma uban yaran, wanda ƙirjinsa yake ɗumama jariri kamar na kowa. Asibitin da har yanzu yake tsayar da su a bakin ƙofa yana hana ɗaya daga cikin tagwayen magani ne.